Zanen Asali a Gidan Tarihi: A Ba Da Aro, Amma Da Takarda

A wani shagon buga takardu a Marwa, arewacin Kamaru, akwai shafin labarin zane guda ɗaya rataye a bango, daidai inda hasken ƙofa ke sauka da hantsi. Ba kwafi ba ne. In ka matsa kusa za ka ga sawun shuɗin fensir a ƙarƙashin tawada, da ɗigon farin fenti inda mai zanen ya gyara hannun wani yaro, da 'yar takardar magana da aka yanko aka manna a kan wata. Mai shagon yana ji da shafin nan, shi ya sa ya kai aka rufe shi da roba a injin zafi, irin yadda ake yi wa katin shaida. Jar rigar yaron ta riga ta koɗe ta koma ruwan ƙasa, robar kuma ta kama takardar ke nan, ba rabuwa. Da aka taɓo masa zancen ba da aronsa a nuna wa jama'a, sai ya ce shi ba ya kai kayansa gidan tarihi, don abin da ya shiga can ba ya fitowa.

Abu biyu ne suka dame ni a nan: ɓarnar da so ya jawo, da kuma tsoron da ya hana gyara. Ra'ayina shi ne masu riƙe da irin waɗannan shafuka a Garwa da Marwa da Gaundare da Kusiri da Njamena su fito da su, gidajen tarihi da cibiyoyin al'adu su karɓa su nuna. Amma aro nake nufi, ba kyauta ba. Aro na wata uku, da takarda a rubuce, da sharuɗɗan da suka ɗaure mai kaya kamar yadda suka ɗaure mai karɓa, kuma sunan wanda ya zana ya zo gaban sunan wanda ya saya.

Shafin asali shi ne takardar da mai zane ya yi aiki a kanta da hannunsa kafin a kai maɗaba'a. Littafin labarin zane, wanda yaran nan ke kira bede, ana iya buga dubu goma. Shafin da aka ɗauko hotonsa kuwa guda ɗaya ne tak a duniya. Yakan fi na bugu girma: a Amurka yawanci inci 11 da 17 ne, wato kusan santimita 28 da 43, namu kuma galibi A3. A kansa ne ake ganin abin da bugu ya ɓoye, inda aka goge, inda aka sake shawara, da umarnin da aka rubuta wa mai bugu a gefe.

"Ai wannan kayan yara ne"

Wannan ita ce magana ta farko da ake yi, kuma ita ce mafi sauƙin amsawa. A watan Janairun 2021 an yi gwanjon wani zanen bangon littafin Tintin da Hergé ya yi a 1936, a birnin Paris, aka saya kusan yuro miliyan 3.2, sama da sefa biliyan 2 ke nan. Takardar ma a ninke ta daɗe, sawun ninkin yana nan ana gani. A Janairun 2022 shafi ɗaya na Spider-Man da Mike Zeck ya zana a 1984 ya kai dala miliyan 3.36 a gwanjo a Amurka. Beljiyam ta buɗe gidan tarihin labarin zane a Brussels tun 1989, ga na Hergé shi kaɗai da aka buɗe a 2009, ga na Angoulême a Faransa, garin da ake bikin labarin zane tun 1974.

Ba na kawo waɗannan alƙaluma don wani ya ɗauka takardar da ke ƙarƙashin katifarsa za ta saya masa gida. Ba za ta saya ba. Kasuwar da ke ba da irin wannan kuɗi ba ta zo nan ba tukuna. Darajar namu ta wani wajen take. Bayan 1990, da jaridu masu zaman kansu suka yawaita a Duwala da Njamena, masu zanen barkwanci sun faɗi abin da marubuta ke jin tsoron rubutawa. Jaridar Popoli da ta fara fita a 1993 ta ginu ne a kan haka. Ga kuma ƙananan littattafan wayar da kai a kan kwalara da shan inna da karatun 'ya'ya mata, waɗanda ƙungiyoyi suka sa matasanmu suka zana. A cikinsu akwai suturar mutane, da fasalin kasuwa, da irin baburan haya na wancan lokaci. Wannan tarihi ne, ko da kuwa an zana shi da manyan hanci da ƙananan ƙafafu.

Kuma mun taɓa yin sakaci an gani. Ibrahim Njoya, wanda ya yi zane a fadar Fumban ta Kamaru a farkon rabin ƙarni na 20, ana lissafa shi cikin waɗanda suka fara labarin zane a Afirka. Yau mai son ganin da dama daga cikin aikinsa sai ya nemi biza, don suna gidajen tarihi na Turai, har da na Janiba.

Akwai wanda zai ce shi ba ya harka da zanen mai rai saboda addini. Wannan magana ce tsakaninsa da malamansa, ba wanda zai ja shi da ƙarfi zuwa kallo. Amma duk abin da zan faɗa a kan adana takarda ya shafi kundin ajami da ya gada daga kakansa, don gara ba ta tambayar abin da aka rubuta.

"Abin da ya shiga ba ya fitowa"

Wannan tsoro ba na banza ba ne, kuma ba na raina shi. Sai dai in ka bi diddigin irin waɗannan labarai za ka tarar yawanci da baki aka yi su. An miƙa wa wani jami'i kaya saboda sanayya, aka yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ya tarar da kaya a kabad ba takarda, sai ya lissafa su cikin kayan gida. Hausa ta riga ta raba mana aro da ajiya da kyauta da waƙafi. Matsalar ita ce ba ma rubuta wanne muka yi.

Takardar aro ba sai lauya ya cika ta da manyan kalmomi ba. Kowane shafi a ba shi lamba, a rubuta da fensir mai laushi a bayansa, can gefe, ba da biro ba. A ɗauki hotonsa gaba da baya, da rula a kusa don a ga girmansa. A rubuta halin da yake ciki ranar karɓa: tsaga ta santimita 2 a kusurwar dama ta ƙasa, tabon ruwa a sama, takardar magana ɗaya ta fara ɗagowa. Wannan bayani shi ne ke raba gardama ranar mayarwa, don ba shi, mai kaya zai rantse tsagar sabuwa ce, mai karɓa ya rantse da ita ta zo. Sannan a sa kuɗin da aka amince shi ne ƙimar kowane shafi, da ranar shiga, da ranar fita, da wanda zai biya firam da sufuri, da cewa ba za a ba wani na uku aro ba. Shaidu biyu su sa hannu, a yi kwafi uku, kuma hatimin cibiyar ya hau, ba sa hannun mutum ɗaya kawai ba.

Manyan gidajen tarihi suna yin inshorar da ake kira daga ƙusa zuwa ƙusa, ma'ana tun daga lokacin da aka sauke abu daga bangon mai shi har ya koma. In ba a samu kamfanin da zai yi wannan ba, to a rubuta ƙarara wa zai biya in abu ya ɓata ko ya lalace. Cibiyar da ta ƙi sa hannu a kan wannan ta riga ta gaya maka amsarta, sai ka riƙe kayanka.

A hanya ma ake yawan yin ɓarna. Ba a naɗe shafin asali kamar tabarma, don farin fentin gyara yana farfashewa, abin da aka manna kuma ya ɓamɓare. A shimfiɗe ake ɗauka, tsakanin kwali biyu masu tauri da suka fi shi faɗi, cikin leda saboda ƙura, a hannun mutum. Ba ya shiga but ɗin motar haya tare da buhunan albasa, ba ya hawa saman mota a rana daga Marwa zuwa Kusiri. In ya isa, a bar shi a rufe kwana ɗaya ya saba da iskar ɗakin kafin a buɗe.

Gidan jama'a ko shagon talla?

Wannan ƙorafin shi ne na fi ɗauka da nauyi. Duk abin da aka rataya a gidan tarihi darajarsa tana ƙaruwa. Mai kuɗi zai iya tara shafuka da araha daga hannun matasa masu neman na abinci, ya sa a nuna su da sunansa a rubuce da manyan baƙaƙe, a ɗauki hoto da manya, bayan wata biyu ya nemi dillali a Paris ko Brussels yana cewa ga kayan da gidan tarihi ya tantance. Jama'a sun biya wutar lantarki da albashin mai gadi, shi ya kwashi riba.

Maganin ba shi ne a ƙi kayan masu zaman kansu ba. Ko a Turai manyan nune-nunen labarin zane da aron masu tarawa ake cika su, don su suka riga hukumomi farkawa. Maganin sharuɗɗa ne. Cibiyar ce za ta zaɓi abin da za a nuna, ba mai kaya ba. A haɗa daga hannu uku ko huɗu, kada ɗaki ya zama na mutum ɗaya. Ba farashi a jikin bango, ba lambar waya. Mai kaya ya amince a rubuce ba zai sayar da abin da aka nuna ba sai bayan shekara ɗaya ko biyu. A ƙaramar takardar bayani, sunan mai zane ne a sama, sai shekara, sai inda aka fara bugawa, sai can ƙasa da ƙananan baƙaƙe a ce aron wane. Mai tarawa na gaskiya ba zai ji haushin wannan ba. Wanda ya ji, dama ɗan kasuwa ne, kuma kasuwa ba laifi ba ce, amma tana da wurinta.

Sai tambayar da ba a son yi: ta yaya shafin ya zo hannunka? Da yawa daga cikin shafukan asali ba mai zanen ne ya sayar ba. An kai maɗaba'a ko ofishin jarida ko na wata ƙungiya, ba a mayar ba, wani ma'aikaci ya tsinta ya tafi da shi gida. Wannan ba ciwonmu ba ne mu kaɗai. Jack Kirby, wanda ya zana dubban shafuka wa kamfanin Marvel, ya sha doguwar jayayya kafin a 1987 a mayar masa da kusan shafi dubu biyu, ƙaramin kaso na abin da ya zana. Sauran da yawa sun riga sun watse a hannun mutane. Saboda haka kafin a rataya komai a nemi rasit, ko sa hannun mai zanen, ko a kira shi a tambaye shi in yana raye, ko magadansa. Yawancin masu zanenmu suna nan da ransu, waya ɗaya ce tsakani.

A nan ne kuma ake yawan rikita abu biyu. Sayen takarda ba sayen haƙƙin mallaka ba ne. Ka sayi shafin, naka ne ka ajiye ko ka sayar, amma ba ka da ikon buga shi a riga ko kalanda ko littafi sai da iznin mai zanen. Kamaru da Cadi duka mambobi ne na ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha ta OAPI mai hedikwata a Yawunde, kuma kowacce tana da dokar haƙƙin mallaka. Cibiyar da za ta buga fosta ko ɗan littafin nuni, mai zanen za ta nema, ba mai tarawa ba. Faransa ma tun 1920 ta sa doka mai zane ya riƙa samun wani kaso in aka sake sayar da aikinsa a gwanjo. Ba sai mun jira kotu ba kafin mu ga cewa wanda ya sayi shafi sefa dubu goma ya sayar dubu ɗari biyar, adalci ne ya tuna da mai hannun.

Yanayinmu da takarda

Masu cewa zafinmu da ƙurarmu za su kashe takardar suna da gaskiya rabi. Za su kashe ta a gidan tarihi in aka yi sakaci, amma suna kashe ta yanzu haka a gida, a hankali, ba mai gani.

Haske ne babban abokin gaba, kuma ɓarnarsa ba ta gyaruwa. Ƙa'idar da masu adana takarda ke bi ita ce luks 50 a ma'aunin ƙarfin haske, wato hasken da za ka iya karatu da shi amma ka ji ɗakin da ɗan duhu. A nuna wata uku, a mayar cikin duhu kusan shekara uku. Yi lissafin da kanka: luks 50 sau awa 8 sau kwana 90 ya ba ka 36,000. Rana tsaka kuwa tana iya kai luks 100,000. Ke nan awa ɗaya a cikin ranar Afrilu ta kusa cinye abin da nuni uku za su ci. Baƙar tawadar Sin tana da juriya, amma tawadar maka da alƙalamin launi da fentin ruwa su ke fara tafiya, musamman ja da shunayya. A rufe tagogi da labule mai kauri, a sa ƙwan LED, a kauce wa doguwar fitilar nan mai farin haske. Manhajar awon haske ta waya ba daidai take ɗari bisa ɗari ba, amma ta isa ta nuna maka bambancin 50 da 500.

Sai laima. Abin da ake so shi ne kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, da sanyi wajen digiri 20. Mu kuwa da hunturu iska tana bushewa ƙasa da kashi 20, takarda ta yi ƙaras-ƙaras, gam ya saki. A Agusta ta haura 70, fumfuna ta fito, jajayen ɗige-ɗige su bayyana. Ga inda mutane ke kuskure: suna ɗauka na'urar sanyaya ɗaki ce magani. Inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, na'urar ita ce cutar, domin takarda ta fi jure zafi mai tsayawa wuri ɗaya a kan hawa da sauka sau huɗu a yini. Kowane canji sai ta buɗe ta tsuke, har ta lanƙwashe. Gara ɗaki na ciki mai kaurin bango, mai silin, ba mai kwano tsirara ba, a sa shafuka cikin akwatin kwali, akwatin cikin kabad na ƙarfe. Kowane rufi yana rage saurin canjin. Kakanninmu da suka sa warƙoƙi tsakanin tadarishi, suka naɗe da ƙyalle, suka zura cikin gafaka suka rataye, wannan dabarar suka yi.

Kabad ɗin kada ya jingina da bangon waje, kuma a ɗaga shi aƙalla santimita 15 daga ƙasa, saboda gara da kuma ruwa. Wanda ya ga ambaliyar Njamena ta 2022, ko ta Yagwa a 2024, ba ya buƙatar a yi masa bayani. Asu da kyankyaso gam da sitaci suke bi, don haka ba ci ba sha a ɗakin, kuma duk sabon abin da ya shigo a ware shi mako biyu a duba kafin ya haɗu da sauran. Ba a fesa maganin ƙwari a kan takarda. Turaren wuta ma, duk daɗinsa, hayaƙinsa yana zama a jikinta ya mai da ita rawaya.

Firam yana da hawa huɗu: gilashi, kwalin taga, zanen, kwalin baya. Aikin kwalin taga shi ne ya hana zanen taɓa gilashi, tazarar milimita 2 ko 3 ta isa. In suka haɗu, ranar da laima ta taso tawada za ta manne a gilashin. Ba salatif, ba gam na kanti, ba fil, ba sitefila. Salatif yana barin tabo mai ruwan zuma da ke ratsa takarda har gaba cikin 'yan shekaru. A riƙe shafin da 'yan aljihunan kusurwa na takarda, ko da maɗauri biyu na siririyar takardar Japan da kunun sitacin alkama, a sama kawai. A sama kawai, don ya samu damar motsi. In aka ɗaure shi ta gefe huɗu zai kumbura a tsakiya ko ya tsage. Kwalin katan na kasuwa da filawud suna fitar da asid da ke ƙona takarda. In ba a samu kwali marar asid ba, a sa takardar fentin ruwa ta auduga zalla a tsakani ta zama katanga. Daga ƙarshe a like bayan firam ɗin kewaye saboda ƙurar hunturu.

In aka yi haka, lokacin da ya fi dacewa da nuni a wajenmu shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu: ruwa ya ɗauke, zafin bazara bai iso ba, makarantu kuma suna buɗe.

Kayan aro ba ya rufe katara

Haka ne, kuma shi ya sa nake ganin kowane aro ya kamata ya bar wani abu a baya. Kafin a mayar da shafi, da iznin mai zane da na mai kaya, a ɗauke shi da sikana a ɗigo 600 a kowane inci, da launi ko da baƙi da fari ne, don shuɗin fensir da gyare-gyare su fito. A ajiye a wuri biyu daban. Daga nan a buga kwafi mai kyau daidai girman na asali, a rubuta a jikinsa cewa kwafi ne, shi ne zai zauna a bango duk shekara, shi ne zai zaga makarantu. Na asali ya fito wata uku ya koma gida.

A yi rajista kuma: wa ya zana, yaushe, a ina aka buga, yana hannun wa. Matasa da yawa yanzu a kan allon kwamfuta suke zane, ba takarda ko ɗaya a aikinsu, don haka shafukan hannu na shekarun 1990 da 2000 ba ƙaruwa za su yi ba.

Shafin shagon Marwa kuwa, kada wani ya yi gigin ɓare robar, da tawadar za ta taho. Abin da ya rage shi ne a sauke shi daga gaban ƙofa, a ɗauki hotonsa yau kafin sauran launin ya bi ja, a nemo wanda ya zana shi a rubuta sunansa da shekarar a wata takarda daban, a haɗa su cikin kwali a ajiye a kwance.